Sabuwar Shokazobar Jar Kunama

Birchi, ta Kurfi,
3 ga Maris, 1982.

Zuwa ga aminina Gidiyon bakanike, garejin bayan tasha, Dutsin-Ma.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Lai'atu da yara. Ni kam da sauƙi, sai dai kwanciya rigingine ta gagare ni kwanan nan, rub-da-ciki nake kwana kamar ƙadangare.

Ga babur ɗina Jar Kunama nan na aiko maka a motar Rabo, an lulluɓe ta da karan dawa kamar kayan sata. Kada ka yi dariya. Ka shigar da ita cikin gareji, ka ja ƙofa, sannan ka karanta sauran.

Ka tuna farautar bara da muka fita da mutanen Shema, karena ya kama gada, Mamuda ƙanen Sodangi ya ce nasu ne ya fara cizo. Ya ɗaga mini gora, na riga shi. Har yau hannunsa bai miƙe ba. To, Sodangi ya sha alwashi a gaban jama'a, wai duk ranar da jan babur ya bi hanyar Shema, a makara mai shi zai koma gida. Ga shi kuma Inna tana can bayan Shema gidan kawuna tana jinya, ƙafa ta ƙi ta. Ta ina zan bi in ga uwata? Ta sama?

Juma'ar da ta wuce na je. Zuwa lafiya lau. A dawowa sai ga su a bayana bisa babura biyu, kowane da goyo. Wallahi a miƙaƙƙiyar hanya ko ƙurata ba su isa su sha ba. Amma ka san gargadar nan da ke gab da mashigin rafi. Ina shigarta gindin Kunama ya fara tutsu kamar jakin da zuma ta harba, tayar baya ta fi daɗewa a sama bisa ƙasa. Dole na rage wuta. Wanda Sodangi ya goyo ya miƙo adda ya zane ni tun daga kafaɗa har ƙugu. Ba don jakar fata da na rataya a baya ba, da yanzu kana neman motar zuwa ta'aziyya. Kafin in iso Kurfi jini ya cika mini takalmi, malamin asibiti ya ɗinke ni kamar bakin buhu.

Inji ba shi da laifi. Shokazobar baya ce ta mutu, ta daina shanye girgizar hanya. Tun da na sayi babur ɗin a hannun malamin nan Ba'indiye ba a taɓa sake ta ba, shi ma kuwa a tsohuwa ya sayar. Ka nemo mini sabuwa irin ta baburan bana, ka ɗaura. So nake in shiga gargadar nan a guje in fita a guje. Raina ke kan wannan aiki, ba ado nake nema ba.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka fito da ita waje, kada ka hau ta. Duk ƙasar nan ita kaɗai ce ja mai salansa biyu, kurma ma ya san kukanta. In ka gama ka mayar da ita motar Rabo yadda ta zo.

A gaida Lai'atu, matata Huseina ma tana gaishe ta.

Naka har kullum,
Tukur.

*

Dutsin-Ma,
9 ga Maris, 1982.

Zuwa ga abokina Malam Tukur.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta same ni, babur ma ya iso lafiya. Lai'atu ta yi hawaye da ta ji labarin saran. Ni kuwa na gode wa Ubangiji, na kuma gode wa jakar fata, tun da ta fi mai ita sanin inda ya kamata a tsaya.

Na duba Kunama. Da hannu ɗaya na danna gindinta, ya nutse ya taso yana rawa har na gaji da kallo. Man da ke cikin shokazobar ya tsiyaye tuntuni, sifirin kaɗai ke ɗauke da kai. Ashe duk shekarun nan gadon ƙarfe mai taya kake hawa kana cika mana baki.

Na shiga Katsina ran Litinin na samo sababbi guda biyu, irin masu ɗan tulu a gefe. Iska da mai ke ciki, sifirin nasu kuma ana iya ƙara masa tauri ko a sassauta. Sai dai ba don tsohuwar Kunama aka ƙera su ba. Sun fi nata tsawo da kamar yatsa biyu, idonsu na sama kuma ya yi wa ƙusar jikinta yawa. In na cusa su haka nan, gindi zai ɗaga, sarƙa ta ɗaure tamau, ranar da ka faɗa rami ta tsinke ta nannaɗe maka ƙafa. Saboda haka zan yanke kunnen ƙasa inda shokazoba ke zama, in matsar da shi baya kaɗan. Simeon mai walda zai zo da tukunyarsa har cikin gareji ya liƙe. Idon kuma zan cike shi da zoben tagulla. Aiki ne na natsuwa, kada ka ishe ni da aike.

Na ɗora buhun dawa a sirdi a madadinka don in ga iyakar nutsewarta. Buhun ya fi ka daɗin sha'ani, bai ce mini uffan ba.

Yanzu ga maganar da ta fi shokazoba. Raina ba ya so in gyara abin da zai mayar da kai wannan hanya. Sodangi ba baƙo ba ne a wurina, shekara da shekaru ni ke gyara masa babur. Ka bar ni in same shi, a kai magana gaban dagaci, ka ba Mamuda haƙuri. Hannun mutum ka lalata a kan gada, Tukur, gadar da tuni aka cinye. In hakan ya yi maka nauyi, a ɗauko Inna a mota a kawo ta Birchi.

Batun hawa kuwa, sai ka yi haƙuri. Maigidana da ya koya mini aiki a Kafanchan, tun ran farko ya ce mini hannun da ya ɗaure shi ke fara hawa. In akwai kuskure, ƙashin bakanike ya kamata ya fara ji, ba na mai kaya ba. Ban taɓa miƙa wa mutum makulli ban gwada ba, balle aikin da aka yanke ƙarfe aka liƙe a ƙarƙashin ran aboki. Kuma a gargadar da ta kunyata tsohuwa za a gwada sabuwa.

Allah ya ƙara sauƙi. A gaida gida.

Ni ne naka,
Gidiyon.

*

Birchi,
12 ga Maris.

Gidiyon,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Ni zan ba Mamuda haƙuri? Shi ya fara ɗaga gora. Da na yi jinkiri ƙiftawar ido, da kaina ne ya fashe, da kuma ba wanda zai je ya ba Huseina haƙuri. Inna kuwa ta ce ba mai ɗaga ta daga ɗakin da aka haife ta sai masu makara. Ka san taurin kaina ba a kasuwa na saye shi ba.

Ka ajiye wa'azin nan naka, Fasto, ka saurare ni. Rabo ya ce mini yaran Sodangi kullum suna gindin tsamiyar da ke bakin mashigi, tun hantsi har la'asar, ba noma ba kiwo. Me kake jin suna jira? Waɗannan ba fuska suke dubawa ba, kukan salansa suke saurare. In gwajin ya zama dole, ga filin ƙwallo nan bayan makaranta, ka zagaya shi har ka gaji. Maigidanka na Kafanchan bai san Shema ba, da ya san ta da ya sake doka.

Ka taka hanyar nan, ban yafe maka ba.

Tukur.

*

Dutsin-Ma,
16 ga Maris, 1982.

Malam Tukur, Sarkin Zafi.

Gaisuwa mai yawa. Aiki ya ƙare. Walda ta kama, sarƙa ta zauna daidai, na sa sifirin a matsakaicin tauri saboda nauyinka. Yanzu in ka danna gindin, sau ɗaya yake nutsewa ya taso a hankali ya tsaya cak. Simeon ya ce tsohuwa ta sami sabon ƙugu.

Filin ƙwallo shimfiɗe yake kamar faifai, ba abin da zai gaya mini. In walda za ta tsage, a gargada za ta tsage, kuma gara ta tsage da ni ina tafiyata a natse da ta tsage da kai ana bin ka da adda. Gobe da rana tsaka zan je in dawo, ido na ganin ido. Kada ka damu. Garin nan da ƙauyukansa ba wanda bai san Gidiyon ba, har awaki sun san ni. Jibi Rabo zai kawo maka kayanka.

Rashin yafewarka kuma na ɗauka, mu haɗu ka faɗa mini a fuska.

Naka,
Gidiyon.

*

Dutsin-Ma,
20 ga Maris, 1982.

Malam Tukur,

Ina gaishe ka don haka aka koya mini. Ni ce Lai'atu. Mijina Baban Tomas ba zai rubuto maka ba, don hannun da yake rubutu da shi ba ya nan yadda ka san shi.

Ran Laraba ya fita da babur ɗinka. Na tare ƙofa, ya ɗaga ni gefe yana dariya. Ka san shi da bin doka, sai ya kwance hular kwanonka da ka bari ɗaure a madubi ya kifa a kansa, ya sauke gilashin saboda ƙura. Jan babur, baƙar hularka, ga shi tsawonku ɗaya. Ni kaina da ya juya baya sai da gabana ya faɗi.

Ya wuce su a zuwa. Kafin ya juyo sun ɗaure igiyar rijiya daga tsamiya zuwa wata bishiyar bedi a ƙetaren hanya. A ƙirji ta same shi. Babur ya wuce shi kaɗai, shi kuma ya tashi sama ya faɗo da baya. Suka fito masa da gora da adda. Numfashinsa ya ɗauke, ya kasa ko kiran sunan kansa. Sun karya masa haƙarƙari, sun karya ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. Da ya ga adda ta taso masa a wuya sai ya tare da hannun dama. Yatsu uku suka faɗi a cikin yashi, babban yatsa da ɗan ƙaramin ne suka rage, su ma a farfashe. Ba su bari ba sai da hular ta dare gida biyu. A nan ne Sodangi ya finciko ta ya ga fuska.

Wasu mata masu tallan nono suna laɓe a bayan geza, su suka ba ni labari. Suka ce Sodangi ya yi ihu ya ce, “Kai, ku bari! Wanga ba shi ba ne! Innalillahi, Gidiyon muka kashe!” Wai har ya cire rawaninsa ya ɗaure masa hannun, sannan suka hau babura suka gudu. Ko in gode masa ne, Malam Tukur? Kai da ka san al'adar masu sara, ka faɗa mini.

A amalanken shanu aka kawo shi asibiti. Na ga mijina ban gane shi ba sai ta takalmi. Likita ya ce zai rayu, ƙafa za ta ɗoru, amma sifana kam ya gama riƙewa. An kai ƙara, ana neman su, Sodangi ya ɓace.

Kunamarka kuwa lafiyarta ƙalau. Madubi ɗaya ya fashe, tanki ya ɗan loɓa, shi ke nan. Simeon ya turo ta gareji. Kullum na wuce sai in gan ta tsaye tana sheƙi, gindi a ɗage, sai in kau da kai in wuce.

Na san ka hana shi. Na karanta takardarka. Amma da ba ka karya hannun wani a kan naman daji ba, da ba a sare na mijina ba. Ina jin haushinka, ina jin haushinsa, ban san wanda ya fi ba.

Ka gaida Huseina, in ji zuciyata, don ita ba ruwanta.

Lai'atu.

*

Birchi,
22 ga Maris.

Zuwa ga ɗan'uwana Gidiyon, ta hannun Lai'atu.

Sannu. Sannu, Gidiyon. Allah ya ba ka lafiya. Ban san wata gaisuwa da ta wuce wannan ba.

Tun rasuwar Baba ban yi kuka ba sai shekaranjiya. A tsakar gida na zauna na yi shi, yara na kallo. Duk abin da Lai'atu ta faɗa a kaina gaskiya ne, ta ma rage. Saran nan nawa ne, ni aka auna, kai ka karɓa. Hannun da ya ciyar da gidanka, ya tashi matattun babura a ƙasar nan, shi wani ɗan iska ya zubar a yashi.

Na so in zo asibiti, amma da wane ido zan dube ka alhali Sodangi yana cin tuwo da yatsu biyar? Hukuma na nemansa a gari, ni kuwa maharbi ne, na san inda dabba ke kwana in ta ji ciwo. Wallahi tallahi sai na sauke masa hannun nan tun daga kafaɗa. In wuyansa ya shiga tsakani, ruwansa.

Ranar kasuwa zan shigo in ɗauki Kunama. Shiga ɗaya zan yi, fita ɗaya, kafin su tayar da baburansu na sha kwana. Abu guda nake so ka gaya mini, ka kuma gaya mini gaskiya irin taka. A gargadar nan, ta yi?

Naka mai jin kunyarka,
Tukur.

*

Asibiti, Dutsin-Ma,
25 ga Maris, 1982.

Abokina Tukur,

Gaisuwa. Ni ke faɗa, Lai'atu ke rubutawa, in ka ga alƙalami ya huda takarda ka san ba ni ba ne.

Ka tambaye ni gaskiya. Ta yi. Tun da na fara riƙe sifana ban yi aikin da ya kai wannan ba. A zuwa na shiga gargadar a hankali, ban ji komai ba. A dawowa na ce bari in yi irin naka, na murɗa mata wuta har ƙarshe. Tukur, tayar baya ta manne da ƙasa kamar an shafa mata ƙaro. Ramukan nan ina ganinsu suna wucewa, amma ba sa isowa bayana. Dariya nake yi ni kaɗai a cikin hula. Daɗin nan ne ya hana ni ganin igiya.

To, ka ji. Yanzu kai ma ka ji nawa. Ba zan ba ka makulli ba. Hannuna aka sare, ba naka ba, ni ke da haƙƙi, kuma na bar wa Allah da hukuma. Ban aike ka ba. In ka kashe Sodangi, ko su kashe ka a can ko a rataye ka a nan, yatsuna kuma ba za su tsiro ba. Sai in tashi ba hannu ba aboki. Ka taɓa tunanin inda ni da iyalina za mu zauna in aka ce saboda baƙon bakanike aka zubar da jinin ɗan ƙasa?

In kana ƙaunata ka zo ka zauna a bakin gadon nan ka ba ni kunu a baki, don Lai'atu da faɗa take bayarwa. Wannan ne aikin da nake da shi gare ka.

Ubangiji ya sanyaya maka zuciya.

Naka,
Gidiyon.

Ƙari daga gare ni Lai'atu: ya yi wannan doguwar magana da karyayyen haƙarƙari, sau biyu yana tofar da jini. In ba ka ji ta ba, ba ka da kunne.

*

Birchi,
27 ga Maris.

Zuwa ga ƙawata Maman Tomas.

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki sannu da jinya. Yaya mai jiki? Allah ya tashi kafaɗunsa. Ki yi haƙuri da rubutuna, tun da na bar firamare ban riƙe alƙalami ba. Mijina Baban Larai bai san na rubuto ba, matar Rabo na bai wa, ta sa a kayan mijinta.

Takardar maigidanki ta zo. Baban Larai ya karanta ta ban san sau nawa ba, ya sa a aljihu, ya fita. Na ce alhamdu lillahi. Ashe maƙera ya tafi. Ɗanmusa maƙeri ya wasa masa barandami, har aski ya gwada da shi a damtsensa a gabana. Ba ya cin abinci, ba ya kula Larai in ta hau masa jiki. Jiya akuyarmu ta sa baki a tukunya, ya ɗauki taɓarya ya karya mata baya da bugu ɗaya, sai yanka ta aka yi. Ban taɓa jin tsoronsa ba sai yanzu.

Ya gano Sodangi yana ɓoye a wata bukka cikin fadamar bayan Shema. Maganar makulli kuwa dariya ya yi, ya ce da guntuwar waya yake tayar da Kunama tun ba yau ba. Kwaɗon gareji ma ba zai tsare shi ba, da guduma zai zo.

Yaya Lai'atu, ke kika riƙe hannuna ranar da na kusa mutuwa wajen haihuwar Larai, yau ma ke zan kama. Na san mijina. Yana da zafi, amma ba mahaukaci ba ne. Babur ɗin nan ne ke ba shi zuciya, don ya san da shi zai shiga ya fito. In babu shi ba zai je ba. Zai yi faɗa, zai yi zagi, ya kwana biyu ya huce. Don Allah, don Annabi, don abin da kike bauta wa, kada ya same shi a yadda zai hawu. Ki yi duk yadda za ki yi. Kada kuma ki ce ni na ce.

Taki,
Huseina.

*

Dutsin-Ma,
30 ga Maris, 1982.

Malam Tukur,

Gaisuwa. Kada ka wahalar da kanka zuwa ranar kasuwa, ba abin da za ka ɗauka.

Yau da safe bayan na kai wa mai jiki koko, na buɗe gareji na turo Kunama waje. Nauyi gare ta kamar gawa, sau biyu tana neman danne ni. Na kai ta tsakiyar fili inda ba rumfar kowa, na fizge robar mai na bar fetur ya jiƙa ta, na tula mata karan dawar da ka lulluɓo ta da shi. Simeon ya fito yana ihu, wai in bari ya kwance shokazobar ko taya kawai. Na ce masa wanda ya iya tayar da babur da waya zai iya nemo taya. Na ƙyasta ashana.

Ta ci da kyau. Da wuta ta kai ga tulunan nan na shokazoba sai suka fashe ɗaya bayan ɗaya kamar bindiga, 'yan tasha suka watse, wani ƙarfe ya tsaga mini goshi. Ban matsa ba sai da na ga sirdi ya narke, ƙarfen baya ya lanƙwashe. Ba bakaniken da zai tashe ta, ko mai yatsu goma.

Na je na faɗa wa Baban Tomas. Ya tambaye ni ko waldar ta riƙe har ƙarshe. Na ce ta riƙe. Sai ya juya fuska bango. Aikinsa na ƙarshe ke nan na ƙone da hannuna, ka san ba da wasa na yi ba.

Ba wanda ya sa ni. In duka ne ka zo ka dake ni, ina nan ƙofar gareji. In ƙara ce ka kai. Na gwammace ka ƙi ni har abada kana numfashi. Ka zauna gida ka riƙe 'yarka.

Lai'atu.

*

Birchi,
1 ga Afrilu.

Lai'atu,

Na gaishe ki. Saƙo ya iso. Ba na dukan mace, ƙara kuma ba zan kai ba. Kin fi mazan garin nan zuciya.

Ki ce wa Gidiyon na yafe masa hawan da ya yi, shi ma ya yafe mini kunun da ban zo na ba shi ba. Ban taɓa aboki kamarsa ba.

Sai dai Allah ya riga yin ƙafa kafin a yi babur.

Tukur.

*

Birchi,
10 ga Afrilu.

Yaya Lai'atu,

Ina gaishe ki. Daga ɗakin takaba nake rubuto miki.

Baban Larai ya tafi da ƙafa. Ya sami Sodangi a bukkar ya sare shi, Sodangi bai kai la'asar ba. Masu ban-ruwa a fadama sun ce mijina ya yi gudu ƙwarai, har ɗinkin bayansa ya ɓalle yana gudu. Da babura mutanen Sodangi suka bi shi. A hanya suka cim masa. Ba a bar ni na ga fuskarsa ba.

Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce da yana bisa abin hawansa da ba su same shi ba. Kada ki zo, kada ki bar Tomas ya bi ta nan. 'Yan'uwan mijina sun san wadda ta ƙyasta ashana, suna kiran sunanki a tsakar gida, suna tsine miki ina ji. Sau uku na buɗe baki in ce ni na roƙe ki, sai in dubi Larai in rufe.

Ki yafe mini. Ki gaida mai jiki.

Taki,
Huseina.